TATTAKI DON MASU CIWON DAJI: Yadda uwargida za ta shirya jikinta, ta kuma tara taimako

 

'Yar'uwa, ki tsaya ki ƙirga a zuciyarki: a cikin danginki, ko unguwarku, ko ajinku na Islamiyya, mata nawa kika sani waɗanda aka ce suna da ciwon daji? A da sai dai mu ji labarinsa daga nesa, har wasu na cewa ciwon Turawa ne ko na masu kuɗi. Yau kuwa da wuya ki samu unguwa a Birnin Kebbi, daga Badariya zuwa Nassarawa, daga Gesse zuwa Makerar Gandu, wadda ba a taɓa zagayawa da kwano ana neman taimakon wata baiwar Allah da za a kai Sakkwato ko Zariya ba. Muna bayarwa daidai gwargwado, mu yi addu'a, mu koma gida. Bayan sati uku sai a sake dawowa, domin wannan ciwo ba a gama maganinsa da zuwa ɗaya.

Shi ya sa a wannan wata na ga ya dace mu duba wata hanya da mutanen wasu ƙasashe suka daɗe suna bi wajen tara wa irin waɗannan majinyata kuɗi, wadda ta riga ta shigo ƙasarmu, kuma uwargidan wani tsohon gwamnan jiharmu tana cikin waɗanda suka yi mata jagora. Hanyar ita ce mutum ya horar da jikinsa, ya shiga tsere ko tattaki, jama'a su biya kuɗi a kan wahalar da ya sha, a kai kuɗin ga marasa lafiya.

Mece ce gasar uku-a-ɗaya?

Akwai wata gasa da Turawa ke kira tirayatalon, mu kuwa sai mu ce da ita uku-a-ɗaya. Mutum zai faɗa ruwa ya yi iyo, yana fitowa ya hau keke, yana sauka ya kama gudu, duk a jere babu hutu. An fara ta a irin tsarin da aka santa yau a birnin San Diyego na Amurka a 1974, ta kuma shiga wasannin Olamfik a 2000. A ma'aunin Olamfik ana iyo na kilomita ɗaya da rabi, tseren keke na kilomita 40, sannan gudu na kilomita 10. Akwai ƙaramarta ta sababbin shiga, wadda take rabin wannan.

Abin da ya ja hankalina a nan shi ne, da yawa daga cikin masu shiga ba 'yan wasa ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da iyayen yara, waɗanda suka rasa wani nasu ko suke jinyar wani. Sukan yi wata uku ko huɗu suna atisaye, a lokaci guda suna bin 'yan'uwa da abokan arziki suna cewa, "Ga abin da na ɗaura niyyar yi, nawa za ka sa a kai?"

Wannan al'ada tana da tarihi. A 1980 wani saurayi ɗan ƙasar Kanada mai suna Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafar dama saboda dajin ƙashi, ya ɗaura ƙafar roba ya fara gudu da niyyar ratsa ƙasarsa baki ɗaya domin tara kuɗin binciken ciwon. Ya yi kwana 143 yana gudu, ya ci kilomita 5,373, kafin ciwon ya kama masa huhu ya tsaya. Ya rasu a 1981 yana da shekara 22, amma har yau ana gudu da sunansa duk shekara. A 1988 kuma wani magidanci a Amurka, Bruce Cleland, wanda ƙaramar 'yarsa ke fama da dajin jini, ya haɗa mutum 38 suka shiga gudun fanfalaki na birnin Niyok, suka tara fiye da dala 300,000. A Ingila ma, a 1994 aka fara wani tsere na kilomita biyar a Landan domin tara kuɗin yaƙi da daji, wanda a da aka shafe shekara da shekaru mata zalla ne ke shigarsa. Akwai kuma wata Baturiya uwar 'ya'ya uku, Jane Tomlinson, da likitoci suka shaida wa a shekarar 2000 cewa dajin mamanta ya bazu ba zai warke ba. Ta shiga gudu da tseren keke da babbar gasar uku-a-ɗaya, ta tara fiye da fam miliyan ɗaya da rabi kafin rasuwarta a 2007.

A gida Najeriya

Kada ki ce wannan labarin ƙasashen ƙetare ne kawai. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara, uwargidan Sanata Abubakar Atiku Bagudu da ya mulki Jihar Kebbi daga 2015 zuwa 2023, ita ce ta kafa Gidauniyar Medicaid mai yaƙi da ciwon daji. Gidauniyar ta shahara da tattakin da take shiryawa a Abuja a watan Oktoba, wato watan da duniya ta keɓe domin faɗakarwa a kan dajin mama. Sunan tattakin Walk Away Cancer, ma'ana a kori daji da tafiyar ƙafa. Jama'a kan fito da yawa, maza da mata, masu hijabi da marasa shi, a yi tafiya, a wayar da kai, a tara kuɗin taimaka wa majinyata. A nan Kebbi kuwa mata da yawa sun fara jin labarin gwajin mama da na bakin mahaifa ne ta dalilin ayyukan faɗakarwa da gwaji kyauta da aka riƙa yi a waɗannan shekaru. A watan Oktoba na 2024 aka zaɓi wannan baiwar Allah a matsayin shugaba mai jiran gado ta Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Duniya mai hedikwata a Janeba, kuma ita ce mutum ta farko daga Afirka da ta kai wannan matsayi.

Akwai kuma wata ƙungiya a Abuja mai suna Project Pink Blue, wadda kan shirya tattaki haɗe da gudu da tseren keke domin Ranar Ciwon Daji ta Duniya, wato 4 ga Fabrairu. Wannan shi ne mafi kusa da uku-a-ɗaya da na sani ana yi saboda masu daji a ƙasar nan.

In kuwa batun iyo da tsere ne, ai mu Kabawa ba baƙi ba ne. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, bikin kamun kifi ya zama abin da duniya ta san mu da shi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Duk wadda ta taɓa kallon kabanci ta ga yadda samarinmu ke tseren iyo da na kwalekwale da kamun agwagwar ruwa. Ƙarfi da gwaninta akwai su. Abin da ya rage shi ne a juya su zuwa ga taimakon mara lafiya.

Me ya sa ake buƙatar kuɗin?

Ƙididdigar hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu ciwon daji fiye da 120,000 a Najeriya, kuma kusan 80,000 sun rasu a wannan shekara. Dajin mama shi ne kan gaba, da mata fiye da 30,000. Dajin bakin mahaifa shi ne na biyu a cikin mata, da fiye da 13,000. Ki lura da kyau, 'yar'uwa: manyan biyun nan duk namu ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Idan mace ta ji kulluwa a mamanta ta je asibiti, sai an ɗauki hoto, sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji kafin a tabbatar da abin da ke damunta. In an tabbatar, yawanci magani hawa uku ne. Akwai tiyata. Akwai maganin da ake sawa ta jijiya, wanda majinyata ke kira kimo, da akan yi duk bayan sati uku, sau shida ko takwas. Akwai kuma gashi da na'ura, wanda akan yi kwana biyar a sati har tsawon makonni. Kafin kowane zagaye na kimo sai an gwada jini, in ya yi ƙasa sai an yi ƙari. Duk wanda ya yi jinya ya san cewa kafin a kai ƙarshe maganar miliyoyin naira ake yi.

Bayan kuɗin magani akwai wanda ba a rubuta shi a takardar asibiti. Na'urar gashi ba ko'ina take ba. Mutanenmu sukan nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 150 daga Birnin Kebbi, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Abuja. A 2025 an buɗe sabuwar cibiyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kowanne dai tafiya ce. Kuɗin mota na mutum biyu, masauki, abinci, ga yara an bari a gida, ga sana'a ta tsaya. Mata da yawa suna fara magani su tsaya a zagaye na biyu ko na uku, ba don sun warke ba, sai don an sayar da tumaki, an sayar da 'yan kunne, an jinginar da gonar fadama, babu abin da ya saura. Kuma maganin daji idan aka yanke shi a tsakiya, ciwon kan dawo da ƙarfi.

Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu a 2021 domin taimaka wa talakawa masu dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, a asibitoci shida, kuma na Zariya ne aka zaɓa a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma. Abin a yaba ne, kuma ya kamata duk mai jinya ya tambayi yadda ake shiga. To amma asusun gwamnati ba zai biya wa mace kuɗin mota daga Kamba ko Gwandu ba, ba zai ciyar da 'ya'yanta ba. Wannan gurbi namu ne.

Shin ya dace da mu?

Na san abin da ke ranki. Matar aure da hijabinta, ta fito titi tana gudu? Ta faɗa gulbi tana iyo? A'a, ba abin da nake kira gare shi ke nan ba. Iyo a gulbin Rima ko a tafkunan fadama ba na wadda ba ta iya ba ne, ga haɗarin nutsewa, ga tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwa, ga kuma batun sutura. Wannan ɓangare da na keke mu bar wa mazajenmu da samarinmu, in sun shirya nasu mu ƙarfafa musu gwiwa. Namu shi ne tafiyar ƙafa, cikin sutura, a inda ya dace.

Motsa jiki kuwa ba baƙon abu ba ne ga mace musulma. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Uwar Muminai Nana A'isha (RA) har sau biyu a cikin tafiya, bayan ya sa sahabbai sun yi gaba. Ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata a na biyu bayan ta yi jiki. Malamai suna fitar da abu biyu daga nan: halascin wasan, da kuma kula da keɓewa. Haka nan tarihi ya nuna mana Rufaida Al'aslamiyya (RA), wadda aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni.

A nan ƙasarmu ma muna da abin koyi. A zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, 'Yan Taru sukan taso daga ƙauyuka a ƙasa, ƙungiya-ƙungiya, jaji na gabansu da malfarta, su yi tafiyar kwanaki domin neman ilimi. Sukan zo da abin da ya sawwaƙa na hatsi da zuma da man shanu da zane, a raba wa mabuƙata da marasa lafiya. Ke nan kakanninmu mata sun riga mu haɗa tafiyar ƙafa da sadaka. Abin da za mu yi sabunta shi ne kawai.

Sharuɗɗan a bayyane suke. Ki nemi iznin maigida, ki yi masa bayani da kyau, in da hali ki sa shi cikin masu ba da gudummawa. A zaɓi wuri mai katanga, kamar filin makarantar 'yan mata ko harabar Islamiyya mai faɗi, a auna zagayensa, a san sau nawa za a kewaya ya cika kilomita biyar. A sanar da mai unguwa da limami. Babu kiɗa, babu cakuɗa, babu ɗaukar hoton wadda ba ta yarda ba.

Shirin sati takwas

Kilomita biyar tafiyar kamar awa ɗaya ce ga mai lafiya. Za ki ce ai wannan ba komai ba ne, ni da nake wuni a tsaye tsakanin murhu da wanki. Gaskiya ne aikin gida wahala ne, amma dabam yake da tafiya mai ɗorewa wadda ke sa zuciya ta buga da sauri. Yawancinmu yanzu ko gidan suna a bayan layi za mu je sai mun tsayar da Keke Napep. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane sati, wato minti 30 sau biyar. Bincike ya kuma nuna cewa motsa jiki yana rage haɗarin kamuwa da dajin mama da na hanji, bayan amfaninsa ga hawan jini da ciwon suga. Ashe ke ma kina cikin masu cin ribar.

Ga yadda za ki bi, sannu ba ta hana zuwa:

Sati na 1 da na 2: minti 15, kwana uku a sati. Ko a tsakar gida ne ya wadatar. Tafiya irin wadda za ki iya magana a cikinta ba tare da haki ya hana ki ba.

Sati na 3 da na 4: minti 25, kwana huɗu a sati. Daga nan ki nemi abokiyar tafiya, kishiya ce, ko maƙwabciya, ko babbar 'yarki. Wadda ta san ana jiranta ba ta cika komawa barci ba.

Sati na 5 da na 6: minti 35 zuwa 40, kwana huɗu. A rana ɗaya daga ciki ki ɗaga ƙafa, ki yi minti biyu da sauri, minti uku a hankali, ki yi ta maimaitawa.

Sati na 7: rana ɗaya ki cika minti 55 ko awa guda, sauran ranakun minti 30.

Sati na 8: ki rage, minti 20 sau biyu, ki huta kwana biyu kafin ranar tattaki.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan sallar asuba da azkar, kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya. Kin san zafin Kebbi a watannin Maris, Afrilu da Mayu, yakan wuce maki 40, don haka kada a sa ranar tattaki a bazara. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Fabrairu ya fi, sai dai mai asma ta kula da ƙurar hunturu. A azumi kuma a sassauta ko a dakata.

Ki sha ruwa kafin ki fita, ki riƙe gora a hannu. Ki samu takalmi rufaffe mai laushin ƙasa da safa ta auduga, domin silifas yakan jawo kanta da ciwon dunduniya. Ki sa dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga mai faɗi, da hijabi mara nauyi wanda ba ya jan ƙasa. Mai ciki, da mai jego da ba ta yi arba'in ba, da wadda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko sikila, su ga likita tukuna. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi na sarƙewa, ta tsaya nan take. Wadda ba za ta iya tafiya ba tana da aiki: rabon ruwa, riƙon yara, ƙirga zagaye, riƙon littafi.

Yadda za a tara kuɗin

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne akan samu matsala in ba a yi hattara ba. Dabarar ita ce alkawari a kan kowace kilomita. Ki je wa mutum goma, maigida, yayyenki, surukai, abokan sana'a, ki ce musu, "Ranar kaza zan yi tafiyar kilomita biyar saboda masu ciwon daji, nawa za ku ba da a kan kowace kilomita?" Mu ɗauka kowa ya ce naira 200. Kilomita biyar ta zama naira 1,000 ga mutum ɗaya, naira 10,000 ga mutum goma. In ku arba'in ne a ajinku, kun tara naira 400,000 ba tare da an takura wa kowa ba. Wannan ba zai biya maganin mutum ɗaya gaba ɗaya ba, amma zai iya kai mata da yawa Sakkwato su dawo, zai biya gwaje-gwajen jini, zai hana wata ta tsallake zagayen maganinta. Da yayyafi kogi kan cika.

Za a iya ƙarawa da abin da muka saba. A ware kwasa ɗaya ta adashi domin asusun. Mai ƙuli-ƙuli, mai turaren wuta, mai ɗinkin hula, kowace ta ba da ribar rana ɗaya. Lokacin girbin shinkafa a nemi mazajenmu manoman fadama su ba da tiya ko buhu, a sayar. Game da zakka, majinyaci matalauci yana cikin waɗanda suka cancanta, amma a tuntuɓi malamai a kan yadda za a fitar da ita, kuma a ajiye lissafinta dabam da na sadaka.

Sai batun amana, wanda shi ne ginshiƙin komai. Tun ran gini ran zane:

Na ɗaya, kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi. A zaɓi mata uku amintattu, mai karɓa, mai rubutawa, da mai ajiya. In an buɗe asusun banki, sai da sa hannun mutum biyu za a fitar.

Na biyu, a rubuta komai, ko naira hamsin ce, a karanta lissafi a gaban kowa bayan tattaki da kuma duk ƙarshen wata.

Na uku, a tsai da ƙa'idar wadda za a taimaka wa tun kafin kuɗi su shigo, domin kada son kai ya shiga. A nemi takardar asibiti. Manyan asibitoci suna da ofishin kula da jin daɗin marasa lafiya, ma'aikatansa sun san waɗanda suka fi buƙata. Kuɗin magani a biya su kai tsaye a kawo rasit, kuɗin mota da abinci a ba majinyaciya a hannunta.

Na huɗu, a rufa asirin mara lafiya. Ba daidai ba ne a ɗauki hoton mace a kwance, ko hoton ciwonta, a watsa a WhatsApp da Facebook da sunan neman taimako. Talauci bai cire mata mutunci ba. Mata da yawa suna ɓoye ciwonsu har ya ci ƙarfinsu saboda tsoron irin wannan tonon silili.

In kuna ganin aikin ya fi ƙarfinku, ku haɗa kai da ƙungiyar da ta riga ta kafu, kamar reshen FOMWAN na yankinku, ko ku miƙa abin da kuka tara ga gidauniyar da kuka bincika kuka gamsu da ita.

Kada a tashi ba a faɗakar ba

Ranar da mata suka taru haka, asara ce a watse ba a ilmantar da su ba. Ku gayyaci likita mace ko ma'aikaciyar jinya ta yi bayani bayan an huta. Babban abin da ke kashe matanmu shi ne zuwa asibiti a makare. Sai mace ta ji kulluwa ta yi shiru saboda kunya, ko a ce mata sammu ne, ko iska, a yi ta shafe-shafe da tsaga har wuri ya fashe. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu, amma ba su hana neman magani ba, addininmu ma umurni ya yi da a nema.

Ki riƙa duba mamanki sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan kin yi wankan tsarki. In kin ji kulluwa a mama ko a hammata, ko kin ga fata ta canza ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan mama ya shige ciki, ko jini na fita, ki je asibiti a wannan satin. Yawancin kulluwa ba daji ba ce, amma gwaji ne kaɗai zai bambance. Haka nan zubar jini bayan saduwa da maigida, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, duk alamu ne da ba a zama da su. Mace daga shekara 30 ya kamata ta yi gwajin bakin mahaifa ko ba ta jin komai. A garin nan za ki iya fara tambaya a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya.

Sai 'ya'yanmu mata. Kusan duk dajin bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke jawo shi, kuma tana da rigakafi. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin da ake yi kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. Na san an yi ta yaɗa jita-jitar cewa tana hana haihuwa. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya, ƙasashe fiye da ɗari sun sa ta cikin tsarinsu, ciki har da ƙasashen musulmi kamar Malesiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma bincike bai nuna tana hana haihuwa ba. Ki tattauna da maigida, ku je ku tambayi ma'aikatan lafiya, ku yanke shawara a kan sani. Rigakafi ya fi magani.

Abin da ya rage gare ki

'Yar'uwa, ba a ce sai kin zama gwanar tsere ba. Abin da ake nema a wurinki shi ne minti 15 gobe da safe, da magana ɗaya da za ki kai wa malamarku ko shugabar ƙungiyarku a wannan satin. Ku tsai da rana, ko a watan Oktoba ko kusa da 4 ga Fabrairu, ku ƙirga sati takwas baya, ku fara. In ku goma ne ku fara da goma. Kuma kafin ranar ta zo, in akwai mai wannan ciwo a unguwarku, ki je ki gaishe ta, ki ɗauke mata girkin rana ɗaya, ki riƙe mata yara ranar da za ta asibiti. Daji ba a ɗaukarsa ta zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya, don haka babu dalilin gudunta.

Duk ajin da ya gwada wannan shiri, muna so ya rubuto wa wannan fili yadda ta kaya, domin wasu su koya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Ya jiƙansu da rahama. Mu kuma Ya ba mu ikon taimakawa, Ya karɓa mana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.